Mai Kalangu da Mutanen Bango

Aikina ɗaukar kaya ne. Ina da wata tsohuwar mota ƙarama mai buɗaɗɗen baya, da ita nake kai rumfuna da kujeru da manyan lasifikoki wurin suna da biki, daga unguwarmu ta Nima zuwa Maamobi, wani lokaci har Alajo. Ban yi boko ina yaro ba. Sai da furfura ta fara leƙo mini a gemu na shiga ajin manya da ake yi a unguwarmu, don haka hannuna ba shi da sauri. Amma labarin nan ba ya bukatar sauri.

A layinmu akwai wani tsoho mai kalangu, kowa Baba yake ce masa. Mahaifinsa daga Gobir ya zo da kalangu a hammata, ya yi wa mahautan Nima kiɗa har ƙarshen ransa, shi kuma ya gaje shi. Muna yara ba a suna ko aure a gidan mahauci sai da shi. Yana da hanyar aikinsa. Kafin ya taɓa fatar kalangu sai ya san su wane ne a wurin. Kowane gida yana da takensa, wato ɗan kiɗan da aka san kakanninsu da shi. Wanda ba shi da take, Baba yakan tambayi sunan ubansa da sana'arsa ya ƙera masa ɗaya a tsaye. In ya hango ka ka shigo taro sai ya matse kalangu ya kira ka, kai kuwa ko kana tsakiyar magana sai ka ji jikinka ya amsa. Ban taɓa ganin ya yi kiɗa haka kawai ba. Yakan ce kalangu baki ne, mai hankali kuwa ba ya magana shi kaɗai.

Da zamani ya juya, masu biki suka koma wa lasifika. In ina loda su a mota Baba yakan zo ya ƙwanƙwasa ɗaya da sandar kiɗansa ya ce, "Ina kwana, manyan makaɗa? Ina aka gayyace ku yau?" Mu yi dariya. Amma wata guda yakan wuce ba wanda ya kira shi.

Yana da ɗa a unguwar da ake kira Malam, mai shagon kayan gini, mutumin kirki mai riƙon addini. Ya gina gida, ya ware wa uban ɗaki har da makewayi a ciki. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ganga ba za ta shiga gidansa ba. Hayar ɗakin Baba a Nima kuwa za ta ƙare bayan Babbar Salla, kuma abin da kalangu ke kawowa ba zai iya sabunta ta ba. Kowa a layin ya san zancen. Ko dai aiki ya fito wa kalangun kafin lokacin, ko Baba ya rataye shi ya tafi Malam.

Kullum da safe a bencin Hajiya mai waakye muke haɗuwa, shinkafa da waken nan namu da ake zubawa a ganye. Asalinta Bayarabiya ce, ko da yake ita da uwarta duk a Nima aka haife su. Tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka ba ta taɓa zuba wa Baba abinci ba tare da ta ɗora zagi a kai ba.

"Bawan gidanmu ya iso," in ji ta. "Kai da ba ka aikin fari ba ka na baƙi, me za ka yi da ƙwai?"

"Zuba ki yi shiru, baiwar Gobir. Waken nan naki ya girme ni."

"To tafi Malam ka ci na surukarka, mu huta."

A bencin nan 'yar ƙanwata ta same mu wata safiya. Mai zane ce. Ta fara da allunan masu aski da jikin shagunan katako, daga nan ta shiga cikin samarin da ke yi wa katangun unguwa zane, daga baya ta koma zanen fuskoki a kan ƙyalle. Takan zauna a gefen hanya tana kallon mutum yana sana'arsa tana zanawa, har aka saba da ita aka daina kula ta. Wasan jika take yi da Baba.

"Angona, na samo maka aiki," ta ce.

"In na ɗaukar buhu ne, ga kawunki nan."

"Na kiɗa ne. A Osu, unguwar masu kuɗi."

Baba ya ajiye ganyen. "Bikin wa?"

"Ba biki ba ne. Gidan abinci ne."

"Sunan ɗan wa?"

"Ba suna. Mutane suna cin abinci, kai kana kiɗa."

"Su wane ne mutanen?"

"Duk wanda ya zo."

Ya juyo ya dube ni kamar ni zan fassara masa. Yarinyar ta yi bayani. Mai gidan abincin wata mace ce 'yar ƙabilar Ga, ma'aikatanta Madam suke ce mata. Takan ba mai zane bangon gidan na wani lokaci ya rataye aikinsa, masu cin abinci su gani, wanda ya so ya saya, in lokacinsa ya cika wani ya karɓa. Yanzu layi ya zo kan 'yar ƙanwata. Madam kuma tana neman mai kiɗan gargajiya don ranar Lahadi da rana. In Lahadin farko ta yi kyau, aikin ya zama na kowane mako.

"Je ka mana," in ji Hajiya. "Su ma su ɗanɗani abin da muke haƙuri da shi."

Ni na kai zanen ranar Alhamis, a naɗe cikin tsofaffin zannuwa. Ranar Lahadi na ɗauki Baba. Ya sa babbar rigarsa shuɗiya wadda ta sha bugu, ya shafa turare, ya rungume kalangu a cinya har muka isa. Na sha kai kaya irin waɗannan gidaje, amma kullum ta ƙofar baya. Ran nan ne na fara shiga ta gaba aka ja mini kujera. Tsakar gida ce mai faɗi, da itacen mangwaro a tsakiya, tebura a ƙarƙashinsa. Dogon bango yana gefe ɗaya a ƙarƙashin rumfa, a nan aka jera zanen. Can ƙurya akwai gajeriyar katanga, hayaƙin gashi yana tashi a bayanta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Wuri cike da mutane suna cin abinci, amma ƙarar cokali ta fi muryarsu. Aka kawo mini waakye a ganye, ganyen kuma a kan faranti, ɗan kaɗan kamar na mai jinya. Yana da daɗi, ba zan ci amanarsu ba.

Baba bai zauna ba. Ya gyara riga, ya kama hannun yarinyar, ya nufi teburin farko. Wani Bature ne da matarsa. Ya durƙusa kaɗan ya gaishe su, sannan ya ce da ita, "Tambaye shi sunan ubansa, da abin da uban yake yi."

"Angona, ba a yin haka a nan."

"To ta yaya zan san wanda nake kira?"

Ta tambaya a kunyace. Baturen ya yi murmushi, ya laluba aljihu, ya zaci roƙo ne. A tebur na biyu wasu 'yan ƙasa ne masu shigar ofis. Ɗaya ya ajiye cokali ya ce da Turanci me tsohon nan yake nema da ubansa. Ba faɗa ya yi ba, amma fuskarsa ta canza. Kafin su kai tebur na uku Madam ta iso. Doguwar mace ce mai sanyin murya. Ta riƙe hannun Baba da hannu biyu, ta kai shi wata kujera a bakin rumfa kusa da tukunyar fure, ta zaunar da shi yana fuskantar tebura, bangon zane yana bayansa. Ta ce ya buga dondonsa a hankali, dondo shi ne sunan da suke kiran kalangu da shi. Kada ya damu da kowa.

Ya fara. Na san kiɗan Baba tun ban san hannun damana ba, wannan ba shi ba ne. Hannu yana bugu, hammata tana matsawa, amma kalangun ba ya cewa komai. Idonsa yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya yana dawowa. Masu cin abinci suka ɗaga kai suka dube shi, wasu suka ɗauki hoto, suka koma kan farantinsu. Na ga gumi yana bin wuyansa.

Can sai na ga idonsa ya tsaya a kan gajeriyar katangar nan. Mai gashin nama ya miƙe yana wasa wuƙa, kansa da kafaɗunsa sun bayyana, mutum ne kamar sa'ana da farar hular aiki. Baba ya yafito ni da kai.

"Direba, dubi goshin can. Ka san shi?"

"Ban san shi ba, Baba."

"Na san ubansa." Ya ambaci sunan wani mahauci na Alajo da ya daɗe da rasuwa. "Dubi yadda yake jan wuƙa, daga sama zuwa ƙasa. Gidansu ne kaɗai suke haka."

Kafin in ce wani abu ya gyara zama, ya matse kalangu. Murya ta fito. Wallahi har gashin jikina ya tashi. Taken gidan mahaucin nan ya buga, ya sake bugawa, ya ɗora da kiran uban da kakan. Na ga wuƙar ta tsaya. Mai gashin ya juyo a hankali kamar wanda aka kira daga barci.

Duk ɗan Zango ya san ba a yi wa mahauci takensa yana kan aiki, sai dai in an shirya wa abin da zai biyo baya. Baba ya fi kowa sanin haka. Amma ya daɗe yana magana shi kaɗai a kan kujerar nan, da ya sami mai jinsa sai ya manta inda yake.

Mutumin ya tsallako katangar. Wuƙa a hannu sama, jiki yana tsuma, ya shigo tsakiyar tebura yana kirari da iya ƙarfinsa: "Sai ni jikan mai kayar da bijimi shi kaɗai! Wuƙa ba ta kwana da yunwa a gidanmu!" A wurinmu wannan abin a yi guɗa ne. Amma su abin da suka gani shi ne ƙato ya fito daga madafa da wuƙa yana ihu. Matar Baturen ta ƙwalla ƙara. Kujeru suka faɗi, kofuna suka fashe, wata mata ta suri ɗiyarta ta yi waje ba ta ko waiwayo ba. A bayan katanga kitse ya kama wuta, hayaƙi baƙi ya turnuƙe, ƙaurin nama ya cika gidan.

Baba ya ɗauke hannu. Mai gashin ya tsaya yana haki, ya dubi wuƙar, ya dubi mutane, ya sauke ta a hankali. Hawaye ne a fuskarsa. Ya durƙusa gaban Baba ya ce rabonsa da jin wannan kiɗan tun uban yana da rai. Madam ta zo ta yi wa mai gashin magana guda da harshen Ga, ya tashi ya ruga wurin wuta. Mu kuma ta ce mu tafi tukuna, za ta neme mu. Kowa ya san ma'anar wannan.

Muka kama hanyar Nima. Yarinyar tana baya tana share ido a ɓoye, don ranar buɗe zanenta ce aka watse.

Labari ya riga mu zuwa bencin Hajiya.

"An ce ka sa an kusa yanka Turawa a Osu," ta ce tana zuba masa. "Kai Bagobiri, ko ina kuka je sai yaƙi?"

Baba bai rama ba. Ta dube shi, ta ƙara masa ƙwai. Ran nan na san abin ya kai masa ko'ina.

Ba aikin da ya rasa ne ya fi damunsa ba, ko da yake ya san tafiya Malam ta matso. Mai gashin ne. "Mutum yana neman abincin 'ya'yansa, na je na kira shi cikin wuta," ya ce da ni. "In aka kore shi, ni na kore shi." Ya sayi goro fari masu kyau, aka naɗe a ganye. Ranar Talata da hantsi ya ce in kai shi ya ba da haƙuri. Ya rataya kalangu a kafaɗa, don ko asibiti za shi ba ya barinsa. Muka ɗauki yarinyar ta yi mana tafinta.

Mun tarar ba a buɗe ba, ana shara, Madam ta tafi kasuwa. Aka ce mu jira. Ni na zauna. Baba ya kasa zama, ya shiga zagaye yana saƙa hannu a baya, har ya isa ƙarƙashin rumfar. Ranar Lahadi baya ya ba wa bangon. Sai yanzu ya matsa kusa, har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen.

"Kai!" ya ce. "Wannan ai telan bakin kwata ne. Ga tabon a girarsa."

"Shi ne, angona."

Ya matsa gaba. "Wannan mai albasar nan ne da ya yi shekaru a kasuwar Agbogbloshie, ubansa Bazabarme. Wannan ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar uwarki. Wannan..." Ya tsaya cak. Babban amininsa ne, wani mahauci da ya rasu shekarar da ta wuce, yarinyar ta zana shi yana dariya a bayan teburin nama. Baba ya daɗe a nan. Daga ƙarshen layin kuma sai ya fashe da dariya. Hajiya ce, ta haɗe gira, ta ɗaga ludayi kamar za ta kwaɗa wa mutum.

"Ashe duk kuna nan kuka bar ni ina magana ni kaɗai!"

Ya sauke kalangu daga kafaɗa. Ya koma farkon layi ya tsaya gaban tela, ya kira shi da takensa, a hankali, yadda ake gaida mutum da safe. Ya wuce wurin mai albasa. Ya yi wa ungozoma nata mai taushi. Masu shara suka jingine tsintsiya. Mai gashin ya leƙo ta kan katanga, ya ga ba shi ake kira ba, ya dafa haɓa yana saurare. Ba mu san lokacin da Madam ta shigo ba. Da Baba ya juyo sai ga ta tsaye da kwandon kasuwa a hannu.

Ya ajiye kalangu, ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa goron da hannu biyu. Ya ce a gaya mata laifin nasa ne, shi ya kira, ɗan halak kuwa in an kira ubansa dole ya amsa. In za a kori wani, shi za a kora. Madam ta ajiye kwando ta ɗaga shi da sauri, ta ce ba ta son babba ya durƙusa mata. Ta karɓi goron, na ga ba ta san abin da za ta yi da shi ba, amma ta riƙe shi da daraja. Ta ce ta yi fushi sosai ranar Lahadi, akwai waɗanda ba za su ƙara dawowa ba. Amma ta zauna da mai gashin ya yi mata bayani, kuma ba za ta kore shi ba. Sannan ta nuna bangon.

"Wannan da ka yi yanzu, me ya sa ba ka yi shi ranar Lahadi ba?"

"Ranar Lahadi ban san kowa ba."

"Ba za ka iya bugawa haka kawai ba, ba don kowa ba?"

"Ranki ya daɗe, ke kina dafa abinci ba don kowa ba?"

Yarinyar ta yi jinkiri kafin ta fassara. Madam ta yi dariya. Aka yi yarjejeniya a tsaye: za a juya kujerarsa ta fuskanci bango, ba zai ƙara zagaya tebura ba, mai gashi kuwa ba za a kira shi ba sai an kashe wuta an wanke wuƙa an ajiye.

Lahadin da suka biyo baya su ne mafi daɗin da na yi a shekarun nan. Baba yakan tashi ya tsaya gaban zane ɗaya, yarinyar ta faɗa wa mutane da Turanci ko wane ne wannan, me yake yi, a wane lungu yake zama, sannan kalangu ya karɓa. Mutane suka fara juyo da kujerunsu. Wasu sukan tashi da kofi a hannu su zo su tsaya a bayansa. Na ga ɗaya daga cikin masu shigar ofis ɗin nan ya dawo da iyalinsa. Ni ma na saba, har na koyi neman a ƙara mini shito, yajin nan baƙi, ba tare da jin kunya ba. In an watse da la'asar, Baba yakan buga wa mai gashin takensa a bayan katanga, ya yi kirarinsa hannu wofi, masu wanke-wanke suna tafi.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne, kiɗan yana sayar da zanen. Wanda ya ji taken mutum ya ji labarinsa sai ya so ya tafi da shi gida. Tela ya fara tafiya. Mai albasa ya bi shi. Ungozoma wata likita ce ta saye ta. Kowace Lahadi sai mu tarar da sabon gurbi a bango, ƙusa kaɗai a tsaye. Yarinyar tana murna, kuma ta cancanta, amma tana satar kallon Baba.

"Ina kiran su suna tafiya," ya ce da ni a mota. "Ban taɓa ganin biki irin wannan ba."

Lokacinta a bangon ma ya zo ƙarshe. Wanda zai karɓa wani saurayi ne daga bakin teku, mai zanen jiragen kamun kifi da igiyar ruwa. Mun ga aikinsa a jingine a ɗakin ajiya, yana da kyau ƙwarai, amma ko fuska ɗaya babu. Baba ya duba ya ce shi bai san uban teku ba. Babbar Salla kuma ta wuce. Ɗansa ya zo daga Malam ya duba kayan ɗakin, ya ce Asabar ta sama zai zo da mota. Baba bai yi musu ba. Ya fara rabar da ƙananan kayansa. Ni ya ba ni buta da wata tsohuwar fitila.

Lahadin ƙarshe zane kaɗan suka rage, cikinsu har da amininsa mahauci da Hajiya. Na Hajiya ba wanda ya taɓa tayawa. Yarinyar ta ce mutane suna tsoron ludayin. Baba ya yi kiɗa ran nan kamar mai sallama, ya daɗe a gaban amininsa har wurin ya yi tsit. Da aka watse ya je ya yi wa Madam godiya, ya ce aikinsa ya ƙare, tunda mutanensa sun tashi.

Madam ta ce ta lura. Ta ce tun tafiyar tela take kallon yadda kiɗan ke raguwa tare da bangon. Ita ba ta son rasa Lahadinta. Za ta sayi zane ɗaya ya zama na gidan, ya zauna a ƙarshen rumfa ko wane mai zane ne ya zo. Ta ce Baba ya zaɓa.

Ni da yarinyar muka dubi zanen mahaucin. Ba mu yi shakka ba. Baba ma can ya fara zuwa. Ya tsaya, ya shafa gefen katakon da yatsa, ya yi masa addu'a a hankali. Sannan ya taka zuwa ƙarshen layi ya nuna Hajiya.

"Wannan."

"Angona, ka tabbata? Ga amininka can."

"Shi na gama masa magana, ya ji. In na tsaya gabansa kowane mako, kuka zan riƙa sa mutane suna cin abinci. Wannan kuwa," ya ɗaga sandar kiɗa ya auna ludayin, "ko shekara nawa zan yi, abin da zan gaya mata ba zai ƙare ba. Kuma tana da rai. In na yi ƙarya za ta ji."

Da aka fassara wa Madam sai ta dubi fuskar nan mai haɗe gira, ta dubi teburanta, ta ja numfashi ta ce to, Allah ya sa kada ta kori masu ci.

Ranar Asabar ɗan ya zo da mota tun da hantsi. Ina wurin, don an ce in taya lodi. Ya tarar ba a ɗaure komai ba, Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana jan igiyoyin kalangu.

"Baba, ba ku shirya ba?"

"Gobe Lahadi. Ina da aiki."

"Na ji an ce an gama."

"An ɗaga. Na yi magana da mai gida, zan sabunta hayar ɗakin."

Ɗan ya tsuguna a gabansa. Ya ce shi ba don ya wulaƙanta sana'ar gidansu ba ne, tsoron Allah ne, kuma yana jin kunya a ce ubansa yana haya shi yana da gida. Baba ya ce ya sani, Allah ya yi masa albarka, ya bar ɗakin da ya ware masa a share, ranar da hammata ta gaji zai zo da ƙafarsa. Ɗan ya tashi ya buɗe bayan mota, ya sauke buhun shinkafa da galan ɗin mai da ya saya don gidansa, ya shigar da su ɗakin, ya yi sallama ya tafi.

Bai gama fita layin ba sai ga Hajiya ta taho da ludayi a hannu, mayafi yana jan ƙasa. Labari ya kai mata.

"Kai bawa! Wa ya ba ka izinin rataye ni a Osu kana zagina gaban baƙi?"

"An saye ki, baiwar Gobir. Ba ki da ta cewa."

"To gobe da ni za a tafi, in ji da kunnena. Direba, ka share gaban motar nan, ni zan zauna. Shi ya hau baya da gangarsa."

Baba ya juyo wurina. "Butata fa? Dawo mini da ita, ba inda za ni."